Famfon Jirgin Jamusawa da Saƙon Hajiya

Akwai wata Talata cikin watan Nuwamba da ba na jin za ta taɓa fita daga raina, ko da na yi ritaya na koma Funtuwa ina kiwon tumaki. Matasan injiniyoyinmu da ɗaliban da ke unguwar Selly Oak a nan Birmingham sun sha jin gutsattsarin labarin a bakin mutane, kowa da irin gishirin da yake ƙara masa, har na ji an ce wai ankwa aka sa mini aka nuna ni a talabijin. Ba a sa mini ankwa ba. Amma tunda maganar ta zama ta yawo, gara ku ji ta daga bakin mai ita, musamman ku da kuke neman shiga irin aikinmu.

Sunana Sabi'u, aikina zanen injuna a wani kamfani da ke gefen Birmingham, wanda ke ƙera famfunan jiragen ruwa. Abokaina kan yi mini tsiya cewa an rasa wanda zai yi wa jirgin yaƙi aiki sai mutumin da bai ga teku ba sai da ya yi gemu, bai iya iyo ba, kuma yana zaune a garin da babu teku. Duk gaskiya suka faɗa.

A shekarun nan rundunar sojan ruwan Jamus tana ƙera wani sabon jirgin yaƙi, irin matsakaitan nan da ake kira frigate, masu rakiya da sintiri. An tsara shi ne ya daɗe nesa da gida ba tare da ya dawo gyara ba. Sojojin cikinsa ba su da yawa, kuma su ake canzawa ta jirgin sama, shi yana can a kan aiki. Ma'anar wannan a wurinmu masu ƙera kaya ita ce babu hannayen da za su tsaya suna lallaɓa inji a tsakiyar teku. Duk abin da ka saka a ciki dole ya riƙe kansa.

Rabon kamfaninmu a cikin jirgin shi ne famfon kashe gobara, wanda ke zuƙo ruwan teku ya tura shi ta bututu zuwa kowane lungu. Famfon gida in ya tsaya sai a kira mai gyara. Wannan kuwa, lokacin da aka fi bukatarsa shi ne lokacin da aka daki jirgin. Idan nakiya ta fashe a ƙarƙashin ruwa kusa da jirgi, ko ba ta huda shi ba, dukan kan karya duk injin da aka ɗaure shi tamau a jikin ƙarfe. Saboda haka ake ɗora famfon a kan wasu ƙafafu na roba da ƙarfe masu shanye duka. Waɗannan ƙafafun ni na zana su, kuma sun ci mini kusan shekara huɗu.

Kafin Jamusawa su karɓi famfon sai an yi masa abin da muke kira gwajin duka, a wani gidan gwaji da ke bayan garin Manchester. Ana ɗaure famfon a kan teburin ƙarfe, a haɗa masa ruwa, a kunna shi, sannan a saki wata ƙatuwar guduma ta daki teburin daga ƙasa. Ana yi ana ƙara tsawon da ake ɗaga gudumar. Famfon ba zai tsaya ba, ba zai yi yoyo ba, kuma dole wani hafsan sojan ruwan Jamus ya gani da idonsa. Can a Jamus kuwa an bar wata kafa a daɓen jirgin, ta inda za a zura famfon sannan a liƙe da walda. Masu walda mu suke jira.

Saura abu ɗaya da ya kamata ku sani. Ba mai shiga zauren gwajin nan, ba mai taɓa zanen jirgin, sai wanda hukuma ta ba izinin tsaro. Ni da aka haifa a Najeriya na sha jira kafin a ba ni nawa. An tambaye ni mahaifina, an tambaye ni 'yan'uwana ɗaya bayan ɗaya, da kowace tafiya da na yi gida, har sunan kakata sai da na buga waya gida aka nemo mini. Izinin nan a hankali ake bayar da shi, amma karɓe shi kamar ƙiftawar ido ne. In babu shi, ni ba kowa ba ne a wannan aiki.

To, ran Litinin da yamma ina zaune a falo a gidanmu da ke Erdington, kaina ya yi zafi da tunanin gobe, sai matata Zuwaira ta leƙo. Muna da maƙwabci, Dakta Bashir, wanda mahaifiyarsa Hajiya Yalwa ta zo daga Kano domin zaman jegon 'yarta Safiya da ke aure a unguwar Old Trafford ta Manchester. Haihuwar ta zo da wuri, ita kuma Hajiya mura ta kayar da ita a gidan ɗanta.

Zuwaira ta ce, "Abban Hanifa, ba gobe za ka Manchester ba? Likita ya hana Hajiya zuwa kusa da baby sai ta warke. Ta ce ko za ka miƙa wa Safiya ɗan saƙo."

Ko kai ban ɗaga ba na ce, "To, a saka a but."

Kun san yadda muke. Mutum ba ya tashi daga gari zuwa gari bai ɗauki saƙon wani ba. Kuma wane ne zai dubi tsohuwa sa'ar mahaifiyarsa ya ce mata, "Mene ne a ciki?" Ai rashin kunya ce. Buɗewa kuwa cin amana ne. Da haka muka tashi, ban taɓa tsayawa na yi tunani a kai ba. Na ji Zuwaira ta ɗauki makullin mota, na ji ta dawo da shi, shi ke nan maganar ta fice daga kaina.

Da asuba na kama hanya ana yayyafi. Famfon ya riga ya tafi a babbar mota, ni kayan aiki kawai na ɗauko da rarar ƙafafun roba. Tun daga Birmingham har Manchester tunanina ɗaya ne: ƙafar famfon ta baya ta hagu, wadda lissafina ya nuna ita za ta fi shan duka. Ina tuƙi ina salati, ina salati ina lissafi.

A ƙofar gidan gwajin ƙa'ida ce ka miƙa wayarka, mai gadi ya duba katin wuyanka, sannan ya yi maka tambayar da yake yi wa kowa: shin akwai wani abu a motarka wanda ba naka ba, ko wanda wani ya ba ka ka riƙe? Na sha amsa tambayar nan har ta daina shiga kunnena. Na ce, "Babu," daidai yadda mutum ke cewa lafiya lau in an gaishe shi, ko da kuwa zazzaɓi ne a jikinsa.

Saboda zuwan hafsoshin Jamus, ranar ana buɗe but ɗin kowa. Mai gadin ya ɗaga akwatin kayan aikina, sai ga wani ƙulli ya gangaro daga baya. Girmansa ya kai matsakaiciyar ƙwarya, baƙar leda a kan baƙar leda, an naɗe shi da salatif kamar ba za a taɓa kwancewa ba, an kuma ɗaure da tsinken atamfa. Babu suna, babu rubutu. Ina ganinsa na tuna da saƙon Hajiya.

Ya ce, "Wannan naka ne?"

Na ce, "A'a. Saƙo ne aka ba ni."

"Me ke ciki?"

Na ce, "Ban sani ba."

Ya dube ni, ya ce, "Amma yanzu ka ce mini babu."

Mutumin nan mun saba gaisawa, mukan yi hirar ƙwallo. A take fuskarsa ta koma ta wanda bai taɓa ganina ba. Ya ɗauki ƙullin a hankali ya zura shi a na'urar haska jakunkuna. Ina tsaye inda nake hango allon. Na ga wasu dunƙule-dunƙule masu duhu kamar duwatsu, na ga wani ɗan akwati mai batir a tsakiyarsu, na ga igiyar lantarki a nannaɗe. Ya ce in ajiye hannuwana inda zai gan su, sannan ya danna ƙararrawa.

Abin da ya biyo baya na gan shi ne ta tagar wani ɗan ɗaki da suka kai ni, can nesa da ƙofar. An kwashe duk ma'aikatan gidan gwajin an tsayar da su a ƙarshen filin ajiye motoci, ruwa yana dukansu. A cikinsu ga shugabata a ofis, Madam Carol, wadda ita ma injiniya ce. Ga hafsoshin Jamus sanye da baƙaƙen kwat, sun tsaya a jere ba mai motsi. Motocin 'yan sanda suka cika hanya, aka zagaye motata da igiya, sannan masu kwance bam suka iso.

Ba zan ɓoye muku abin da na ji ba: tsoro na ji. Na san yadda abin yake a idon mutanen nan. Musulmi mai gemu, haifaffen Najeriya, a ƙofar wurin gwajin kayan soja, da ƙulli mai batir da igiya, kuma ya ce babu komai. Amma abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ni kaina ba zan iya rantsewa a kan ƙullin ba. Hajiya ba za ta cuce ni ba, wannan na sani. To ita wa ya ba ta? Yadda na karɓa ban tambaya ba, haka ita ma za ta iya karɓa daga hannun wani a filin jirgin Kano ba ta tambaya ba. Saƙo a cikin saƙo, ai mun saba.

Wani ɗan sanda ya shigo ya tambaye ni wa ya ba ni, wa zan kai wa, ina suke zaune. Na faɗa. Ya nemi lambar waya, na ba shi ta Zuwaira, domin ita kaɗai na haddace. Ya fita ya bar ni da mai tsaron ƙofa, wanda ko tari na yi sai ya gyara tsayuwa.

Sai wajen azahar suka kira ni wani ɗaki, inda aka baje kayan a kan tebur. Duwatsun nan ashe kanwa ce. Ga daddawa, wadda wani ɗan sanda ya riƙe nesa da hancinsa kamar za ta cije shi. Ga yajin jego a gwangwanin madara, ga garin kunu. Ɗan akwatin mai batir kuwa irin 'yar rediyon nan ce mai karatun Alƙur'ani, da igiyar cajinta, kaka ta saya wa jikanta a riƙa kunna masa. Na yi musu bayanin kunun kanwa da ake dama wa mai jego. Suka gutsuri kanwar suka gwada, suka gamsu, suka tattara nasu-ya-nasu suka tafi. Dariya ta kama ni, hawaye na biye da ita. Na ɗauka an gama.

Ashe ba a fara ba. Shugaban tsaro na gidan gwajin, wani dattijo tsohon soja mai suna Mista Alan, ya ce maganar bam ta mutu, amma maganar amsar da na bayar a ƙofa tana nan da ranta. Ya sa hannu ya cire katin daga wuyana. Ya ce zai dawo ya ji ta bakina, kuma duk abin da na faɗa zai tafi ofishin da ke ba da izinin tsaro.

Yana fita Madam Carol ta shigo, gashinta yana ɗigar ruwa. Ta ja kujera kusa da ni ta yi ƙasa da murya.

Ta ce, "Sab, ka saurare ni. Idan matarka ce ta saka shi a mota ba ta gaya maka ba, to ba ƙarya ka yi a ƙofa ba. Tsautsayi ne kawai. Ba a karɓe wa mutum izini saboda abin da bai sani ba. Ka tuna da kyau ko ta gaya maka."

Na ce, "Madam..."

Ta ce, "Ban tambaye ka ba. Cewa na yi ka tuna da kyau." Ta miƙe ta fita.

Matar nan ba muguwa ba ce. So take ta gan ni a cikin zauren kusa da ƙafafun da na zana. Kuma kada ku ɗauka waliyyi ne ni. Na jarraba ƙaryar a bakina a hankali, na sake jarrabawa, kuma ta zauna daram. Wa ya ji lokacin da na ce a saka a but? Daga ni sai Zuwaira, ita kuwa na san ba za ta kayar da ni ba. Kalma uku kawai, ban sani ba, in koma aikina.

Amma da na bi ƙaryar zuwa inda za ta sauka, sai na ga a kan wa za ta faɗa. Zuwaira da Hajiya za su zama matan da suka ɓoye ƙulli a motar ma'aikacin kayan soja. Na hango Hajiya Yalwa, tsohuwar da ta zo da bizar ziyara, ba ta jin Turanci, tana fama da mura, an zaunar da ita gaban 'yan sanda ana mata tambayoyi saboda ta aika wa 'yarta kanwa. Na kuma hango kaina ina koya wa matata abin da za ta ce. Har Mista Alan ya dawo ban gama yanke shawara ba. Sai da ya zauna ya kafa mini ido sannan na ji abin da bakina zai iya furtawa.

Ya ce, "Ka san da ƙullin a motarka?"

Na ce, "Na sani. Matata ta gaya mini jiya, ni na ce a saka. Mantawa na yi."

"Me ya sa ba ka buɗe ba?"

"A wurinmu ba a buɗe saƙon mutum."

"Kuma ba ka tambaya ba?"

"Tsohuwa ce, sa'ar mahaifiyata. Ba a yi mata irin wannan tambayar."

Daga nan ya ce an dakatar da izinina har sai an gama bincike. Na ce zuwa yaushe? Ya ce zai iya zama makonni, zai iya zama watanni, kuma ba kowa ake mayar wa ba.

Jamusawa ba su yarda a ɗaga gwajin ba, don haka aka yi shi da yamma ba tare da ni ba. Madam Carol ta leƙo ta tambaye ni iya yadda za a ɗaure notunan ƙafafun, na gaya mata, ta shige aka rufe ƙofar ƙarfe. Da yake ba a sako motata ba tukuna, aka bar ni a ɗakin jiran baƙi da ke jikin zauren. Na shimfiɗa kwat ɗina na yi sallah, mai gadi yana kallona. Ban taɓa yin sallar da hankalina ya rabu biyu irin wannan ba, Allah Ya yafe mini.

A jikin bangon ɗakin akwai wani ƙaton bututu mai koren fenti, wanda ke kawo ruwa daga tankin waje zuwa zauren. Na ɗora tafin hannuna a kansa. Can sai na ji ya fara ɗan rawa, wata siririyar karkarwa wadda na sani kamar muryar 'yata. An kunna famfon.

Dukan farko da ya sauka, ƙasa ta yi tsalle a ƙarƙashin ƙafata, kofunan shayi suka yi ƙara a kan tebur. Bututun yana rawarsa. Aka yi shiru mai tsawo, na san ana duba ko akwai yoyo, ana kuma ƙara ɗaga gudumar. Aka sake saki. Haka aka yi ta yi, kowane duka ya fi na baya, ni kuwa ina tsaye da hannu a jikin ƙarfe kamar mai jin zazzaɓin yaro. Mai gadin da farko kallon mahaukaci yake mini, daga baya shi ma ya daina motsi.

Na ƙarshe shi ne wanda nake tsoro. Da ya sauka sai da ƙura ta zubo daga rufi. Karkarwar bututun ta yi ƙasa, ta yi ƙasa, har na daina jin ta. Na ce a raina ƙafar hagun nan ta karye, ga izini ya tafi, ga famfo ya mutu. Na ce innalillahi. Sai na ji ta dawo a tafin hannuna, a hankali, sannan ta daidaita. Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba, hannuna yana sama a kan bututun.

A haka babban hafsan Jamusawan ya fito ya same ni, wani dogo mai furfura, Kwamanda Henning. Mutumin da na sa aka shanya a ruwa tun safe. Na miƙe na fara ba shi haƙuri, ya ɗaga hannu.

Ya ce, "Kai ne mai ƙafafun?"

Na ce ni ne.

Ya ce, "Famfonka bai tsaya ba."

Sannan ya tambaye ni duwatsun nan na mene ne, na gaya masa. Ya gyaɗa kai, ya ce a jiragensu da ke daɗewa a teku, duk wanda za shi inda jirgi yake sai iyalan sojoji sun cika shi da saƙo, baƙin burodi, safa, zanen da yara suka yi. Ya ce, "Ni ma na sha ɗauka. Amma muna da ƙa'ida ɗaya. Mai saƙo a gabanka zai ƙulle shi. Ba don ba ka yarda da shi ba, sai don in an tambaye ka, ka iya rantsewa."

Na cire kunya na tambaye shi ko zai sa baki a maganar izinina. Ya ce, "Wannan ba hurumina ba ne, ba ƙasata ba ce." Ya ba ni hannu ya wuce. Bajamushe ba ya yi maka alkawari don ya faranta maka rai.

Da aka sako motata na biya Old Trafford, domin saƙo dai sai an kai shi. Na miƙa wa Safiya kayanta a cikin farar ledar 'yan sanda. Ta juya ta, ta dube ni, ta ce, "Yaya Sabi'u, wa ya buɗe mini saƙo?" Na ce mata gwamnatin Ingila.

Ina isa gida Zuwaira ta tare ni a bakin ƙofa, idanunta jawur. Kafin in cire takalmi ta ce, "Wallahi na ɗauka accident ka yi. Police suka kira ni, suka yi ta tambayata kan saƙon Hajiya. Suka ce wai ka san da shi?"

Na tsaya da takalmi ɗaya a hannu. Na ce, "Kika ce musu me?"

Ta ce, "Me kuwa zan ce? Na ce ƙwarai ya sani, shi ma ya ce a saka a but."

Na ce, "Da yaushe suka kira?"

Ta ce, "Tun da safe, ban ma dawo daga kai Hanifa school ba."

Na nemi matakala na zauna. Wato tun kafin Madam Carol ta ja kujera kusa da ni, tun kafin Mista Alan ya kafa mini ido, amsar tana hannunsu. Ba tambayata yake yi don ya sani ba. Auna ni yake yi, kamar yadda aka auna famfon. Tsoron da na ji a kan matakalar nan ya fi wanda na ji da safe, domin ni kaɗai na san yadda ƙaryar ta kusa fita.

Jiran da ya biyo baya bai yi mini daɗi ba. Aka mayar da ni wani ofis ina zanen famfunan ban-ruwa, abokan aikina suna rufe takardu in na gifta. Famfona ya tafi Jamus, aka zura shi ta kafar da aka bari, aka liƙe da walda, ban gani ba. Duk wayar da ta yi ƙara sai in ɗauka ofishin bincike ne. Hajiya kuwa da ta ji labari har gida ta zo tana kuka, tana cewa, "Ni na jawo maka, ɗan nan." Na ce mata ba ita ba ce, bakina ne da ya ce babu.

Bayan shigowar sabuwar shekara aka kira ni ofishin bincike. Matar da ta yi mini tambayoyi ko sau ɗaya ba ta ambaci kanwa ba. Ta ce mantuwa kowa na yi, an kuma rubuta mini gargaɗi a kanta. Abin da suka duba shi ne ko maganata ta zo daidai da ta matata, a lokacin da ban san an tambaye ta ba. Ta turo mini katina a kan tebur. Na ɗauka na rataya a wuya.

Abin da ranar nan ta koya mini game da aikinmu shi ne, komai na jirgin yaƙi sai an dake shi kafin a yarda da shi, kuma ma'aikaci ma haka ne, sai dai shi ba a gaya masa lokacin da za a saki gudumar. Mutanen nan ba wanda ba ya kuskure suke nema ba. Wanda suke nema shi ne wanda in ya ce abu kaza ne, to kaza ɗin ne, domin wata rana wani soja zai dogara da wannan maganar cikin hayaƙi a tsakiyar teku. Mu a wurinmu amana ita ce kada ka buɗe. Su a wurinsu amana ita ce ka san abin da ka ɗauka. Ban daina karɓar saƙo ba, kuma ba na ce ku daina ba. Amma a gabana ake ƙullewa, ko na wane ne.

Na ɗauka dattawanmu za su ji haushi. Ana gobe zan tafi Jamus domin gwajin famfon a cikin jirgin, sai ga Hajiya Yalwa, ta gama zaman jego tana shirin komawa Kano. Ta zauna a tsakiyar falonmu ta buɗe kwano, alkaki ne da dabino, ta ce na sojan nan ne da aka shanya a ruwa saboda ita. Ta riƙa ɗaukar su tana nuna mini kafin ta zuba a leda.

Ta ce, "Buɗe idonka da kyau, Injiniya. Ka gani? To zan ƙulle."

A ƙofar ma'aikatar ƙera jiragen, ina hango jirgin a tsaye, toka-toka, ya fi yadda na zata girma, mai gadi Bajamushe ya yi mini tambayar nan: akwai wani abu a jakarka wanda wani ya ba ka ka riƙe?

Na ce, "Akwai."

Ya ce, "Me ke ciki?"

Na ce, "Alkaki da dabino. A gabana aka ƙulle."